Ƙofar Da Baba Ya Ƙi Buɗewa

Duk unguwar ba mai kiran Baba da wani suna sai Mai Kwaɗo, kuma ba a banza ba. Shekarun ƙarfinsa gaba ɗaya a wata 'yar rumfa ya ƙarar da su, ƙarƙashin matakalar wani bene a bakin kasuwa, yana yanka mabuɗai, yana buɗe abin da ya ƙi buɗuwa. Ƙofar ɗaki ce, akwatin ƙarfe ne, durowar ofis ce, ko motar da mai ita ya rufe mabuɗi a ciki ya tsaya yana leƙensa ta gilashi yana cizon yatsa, duk Baba ya buɗe. Auta, ƙaramar 'yarsa, ta taso tana ganin ana zuwa ɗaukarsa a guje, a dawo da shi ana ta godiya, har ta girma da tabbacin babu rufaffen abu a duniyar nan da zai gagari ubanta.

Sai dai Baba yana da wata ɗabi'a da take ƙular da masu gaggawa. Ba ya sa hannu a kwaɗo sai ya yi tambaya biyu: wa ya kulle, kuma don me? In amsar ba ta kwanta masa ba, ko za ka yi birgima a ƙasa, naɗe jakar kayan aikinsa zai yi ya kama hanyarsa. An sha zaginsa a kan haka. Wani ma ya taɓa ce masa, "Kai mai gyara ne ko alƙali?" Baba ya ce masa a je a nemo mai ɗakin tukuna, sa'an nan su yi wannan hirar.

Da Inna ta rasu, Auta da yayarta suka taru a kansa ya bar zaman kaɗaici. Da ƙyar ya yarda ya dawo gidan Auta. Kayan da ya zo da su ba su cika bayan mota ba: tufafinsa, jakar fatar nan ta kayan aiki, sai kaskon suyar Inna da ya rungumo a cinyarsa tun daga can har ƙofar gida. Yaya ta so ƙwarai a bar mata kaskon, har da ƙwallarta, amma Baba ya ce ta kwashe duk abin da ke cikin ɗakin har da gado, wannan kam sai bayan ransa.

Kaskon baƙin ƙarfe ne mai nauyin tsiya, mariƙinsa ma ƙarfe, kuma baƙinsa har sheƙi yake yi. Wannan baƙin ba gawayi ba ne, ba kuma datti ba. Hannun Inna ne. Tun da ta mallake shi sabulu bai taɓa hawa kansa ba. In ta gama suya sai ta goge da tsumma, ta ɗiga mai kaɗan ta murza, ta ajiye shi inda ɗumin murhu zai same shi. Yau da gobe mai ya hau kan mai, ya daskare ya zama kamar gilashi, har in ka fasa ƙwai a ciki sulɓewa yake yi da kansa. Kullum da safe Baba da hannunsa yake soya ƙwansa a ciki, ya goge yadda take gogewa, ya murza mai yadda take murzawa. Auta ta sani sarai ba ƙwan ne ya dame shi ba.

Matsalar ita ce kicin ɗin Auta ba shi da lungu mai ɗumi, daga tayil sai kabad masu sanyi. Ga shi kuma wata rana maigidanta, bawan Allah, don neman suna wajen suruki, ya ɗauko soson ƙarfe zai kankare wa Baba kaskonsa ya yi fes. Allah ya sa Baba ya shigo a kan kari. Tun daga ranar tsohon ya shiga neman maɓoya, kuma ya samu. Auta kek da biskit take gasa wa shaguna, da sassafe take gama gashinta ta fita kai kaya, ta bar obin ɗinta, tandar nan ta lantarki, da sauran ɗumi. Sai Baba ya riƙa tura kaskon ciki bayan ya karya, ya fita miƙe ƙafa, in ya dawo ya ɗauke abinsa ya kai ɗaki. Bai gaya wa kowa ba, kuma ba wanda ya taɓa gani.

To, obin ɗin nan ya sha aiki. Maiƙo ya yi masa ɓawo ta ko'ina, gilashin ƙofar ya dafe har ba ka ganin ciki, kek ma ya fara ɗaukar wani ƙauri-ƙauri. Ranar da Auta ta saya, mai shagon ya nuna mata wani maɓalli ya ce in ta danna shi obin ɗin zai wanke kansa da kansa, ba ruwa ba sabulu. Zafi zai yi na fitar hankali, ninkin wanda ake gashi da shi, har duk maiƙon ya ƙone ya koma toka. Ya ce ta dai cire ragogin ƙarfen ciki tukuna, kuma kada ta tsorata in ƙofar ta kulle. Wata safiya Auta ta ce yau kam za ta gwada. Tana gama gashi ta zare ragogin ta jiƙa su a baho, ta leƙa ta ga ciki wayam, ta kwashi yara da kwalayen kek ta fita.

Da ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta danna maɓallin. Me za ta duba? Ai ta duba ɗazu. Wani abu ya yi ɗan gurnani a saman ƙofar, sai ƙarat! A ɗan allon da ke goshin obin ɗin hoton ƙaramin kwaɗo ya kunno ja, wata kalmar Turanci ta fito, ga lambobi a gefe suna nuna sauran awa uku da wani abu. Auta ta ji daɗi har ranta, ta ce yau ita ce hajiya, injin ya yi wahala ita ta huta. Ta tafi bayan gida ta hau wanki tana 'yan waƙe-waƙenta.

Ta jima tana wanki kafin ƙamshin ya iso ta. Ta tsaya da riga a hannu. Ba ƙaurin kek ba ne. Wani ƙamshi ne na tsohuwar suya, albasa da mai da ƙwai, irin wanda rabonta da ji tun tana dawowa daga makaranta da yunwa. Tana shigowa kicin ta tarar da Baba tsaye a bakin ƙofa, hularsa a hannu, yana shaƙar iska a hankali.

"Auta," ya ce, "wannan ai kaskonta ne."

"Wane kasko, Baba?"

Obin ɗin kawai ya nuna da haɓa.

Innalillahi! Auta ta yi kan ƙofar ta finciki mariƙin da hannu biyu. Ko gezau. Ta sake ja har obin ɗin ya girgiza, zafin da ke fitowa ta gefe ya dake ta a fuska ta ja da baya. Nan take ta rikice. Ta ruga ta ciko bokiti da ruwa ta dire a tsakiyar kicin, ta ɗauko tawul, ta faɗa ɗakin Baba ba ko sallama ta sunkuto jakar kayan aikinsa ta danƙa masa a ƙirji.

"Baba, buɗe shi! Don Allah ka buɗe, yana ƙonewa! Wallahi ban sani ba, na duba ɗazu babu komai!"

Baba ya ja ɗan kujerar kicin ya zauna a gaban obin ɗin. Ya warware jakar a kan gwiwarsa, ga sukudireba manya da ƙanana, ga filaya, ga 'yan wayoyin nan masu lanƙwasa a baki, ga magagari, kowanne a aljihunsa. Ya ɗauki tocila ya haska ta tsagar saman ƙofar, ya karkata kai, ya ƙwanƙwasa da farce yana saurare. Auta ta ji zuciyarta ta ɗan sauka. Ta san wannan karkata kan. Daga shi sai buɗewa.

"Ga sakatar can," ya ce. "Ƙugiya ce kawai ta saƙalo. Wannan ko da cokali aka ba ni na ture ta."

"To ture mana, Baba!"

Ya ajiye tocilar a cinya. "Wa ya kulle?"

"Haba Baba! Yanzu lokacin wannan ne?"

"Wa ya kulle, Auta?"

Ta ji kamar ta kurma ihu. Tun tana ƙarama take jin wannan tambayar ana yi wa baƙi, tana dariyar yadda suke kumbura, ba ta taɓa zaton wata rana a kanta za ta faɗo ba. "Shi ya kulle kansa," ta ce da ƙyar.

"Madalla. Don me?"

"Ni ina na sani!"

"Shi ya sani, ga shi ma yana faɗa. Ni idona ya yi rauni, kuma ba na jin yarensa. Karanta mini abin da ke goshinsa."

Auta ta share hawaye da gefen mayafi ta duƙa. Sai yanzu ma ta dubi allon da kyau. Ta ce masa kalmar nan tana nufin yana tsaftace kansa. Lambobin kuma lokacin da ya rage ne, raguwa suke yi, ga shi an ci kusan rabi. Jan kwaɗon kuwa yana nufin ƙofa a kulle take, kuma mai shagon ya ce muddin yana kunne ba za ta buɗu ba, saboda zafin ciki ya wuce na gashi nesa ba kusa ba.

Baba ya kai bayan hannunsa kusa da gilashin, bai taɓa ba, ya janye. Sai idonsa ya faɗa kan bokitin.

"Wannan ruwan fa, na mene ne?"

"In ka buɗe in sheƙa masa."

"Tabɗi!" Ya girgiza kai. "Ashe da yau kin kashe kaskon nan har lahira. Rumfata tana jikin ta masu walda, na ga abin da ruwa yake yi wa baƙin ƙarfe in ya ɗauki zafi. Tsagewa zai yi gida biyu kamar farantin tangaran, kuma ba mai ɗinke shi. Ban da haka, man da ke cin wuta a ciki iska yake nema. Ina ture sakatar nan, ke kina tsaye a nan da fuskarki, da wa kike tsammani wutar za ta fara gaisawa?"

Duk da haka hankalin Auta bai kwanta ba. Idonta ya kai kan makunnin da ke bango, ta miƙa hannu za ta kashe wutar gaba ɗaya. Baba ya riƙe mata tsintsiyar hannu. Tsoho ne, amma yatsun nan har yanzu kamar filaya suke.

"In kin makantar da shi, wa zai gaya mana halin da ake ciki? Kuma sakatar nan ba hannu ne ya tura ta ba, lantarki ne. Ki yanke masa wuta, da me zai janye ta in lokaci ya yi?"

"To akwai maɓallin tsayarwa. Ga shi nan. In danna?"

"In kin danna ƙofar za ta buɗe?"

"A'a. Sai ya huce."

Baba ya sake ɗaukar tocila, ya matsa kusa iya yadda zafin ya bar shi, ya haska ta inda gilashin bai gama dafewa ba. Ya daɗe yana kallo. Auta ta leƙa ta kafaɗarsa ta hango abin da yake gani. Kaskon yana zaune a ƙasan obin ɗin, baƙin nan mai sheƙi ya kumbura ya tattashi, yana nannaɗewa kamar tsohon fenti, hayaƙi siriri yana tashi daga jikinsa. Ko yanzu aka fito da shi, abin da suke so su ceta ya riga ya tafi.

Baba ya kashe tocilar.

"Bar shi ya ƙarasa," ya ce. "Rabin ƙuna ba ya gogewa, ba ya kuma karɓar mai. In ya ƙone duka, ƙarfen yana nan. In ya huce a hankali yadda ya yi zafi a hankali, ba abin da zai same shi."

Ya shiga mayar da kayan aikin aljihunansu ɗaya bayan ɗaya. A nan ne Auta ta ga sukudireba ta kuskure aljihunta har sau biyu. Wannan hannun da bai taɓa kuskure a kan kwaɗo ba! Sai ta gane ba wai abin bai yi masa ciwo ba ne. Ya fi ta jin ciwon nesa, kuma ga sakata a gabansa wadda zai iya turewa kafin ta ƙifta ido, amma ya naɗe jakarsa ya ɗaure igiyar. Tausayinsa ya kama ta, tare da wani irin girmansa da ya cika mata ƙirji har ta rasa inda za ta sa idonta.

Ana cikin haka waya ta yi ƙara. Yaya ce, da kiran da take yi kullum ta ji lafiyar Baba. Auta ba ta iya ɓoye-ɓoye ba, ta faɗa mata. Kai! Ba sai an sa a lasifika ba, duk kicin ɗin ya ji amsar.

"Kaskon Inna? Ke wace irin shashasha ce, Auta? Ai da ma na ce a ba ni! Ina Baban? Ba yana nan ba? Ya buɗe mana, ko a fasa gilashin!"

Baba ya miƙo hannu aka ba shi wayar. "Ke, saurara. Na iya buɗewa. Ba zan buɗe ba. Kuma ƙanwarki ba ta yi laifin komai ba, ni na ɓoye abu a ɗakin da ba nawa ba ban gaya wa mai ɗakin ba. Ki gaida yaran." Ya miƙa wa Auta wayar, ya ce ta buɗe tagogi, hayaƙin ya fara yawa.

Suka zauna zaman jira, shi a kujera, ita a kan buhun fulawa. Fankar cikin obin ɗin tana ta huci, lambobin suna sauka a hankali kamar ba sa so. Auta ta ce ya koma falo ya huta, in ya buɗe za ta kira shi. Ya ce ina, ai bai taɓa barin ƙofa a tsakiyar aiki ba. Can sai ya ɗaga hanci ya shaƙa.

"Kin ji wannan? Kifi ne. Shekarar da muka zauna kusa da mai kifi, kullum kifi, har kyanwoyin layin suka san sallamata." Ya sake shaƙa. "Wannan kuma albasar da ta ƙona ce ranar da na kawo mata rediyo. Ta tsaya jin waƙa, ni kuma aka ce laifina ne."

"Baba, ƙauri ne kawai fa."

"Ke yarinya ce, hancinki bai yi karatu ba."

Ta yi dariya hawaye na zuba. Haka ya yi ta lissafo mata girke-girken da ba ta san an yi ba, da faɗan da aka yi a kansu, da wanda ya fara ba da haƙuri, kuma a bakin Baba kusan kullum shi ne. A hankali ƙamshin ya koma ƙauri zalla mai shaƙe maƙogwaro, daga baya shi ma ya yi sauƙi, har ya kai ba ka jin komai sai warin ƙarfe mai zafi. Da ƙaurin ya ɗauke, Baba ma ya daina magana.

Lambobin suka kai sifili. Auta ta zabura ta kama mariƙin ƙofar ta ja. Tana nan daram. Jan kwaɗon bai mutu ba.

"Shi ke nan, ya lalace! Lokaci ya cika bai buɗe ba. Baba, yanzu kam sai ka sa hannu."

"Rubutun ɗazu ne a wurin, ko ya canza?"

Ta duba. Ya canza. Ta ce yanzu cewa yake yi yana hucewa.

Sai ga Baba yana murmushi, murmushinsa na farko tun da ya shigo. Ya dafa gwiwa ya matso yana kallon ɗan allon nan kamar ya ga tsohon abokin sana'a.

"Kin ga gwani ko? Agogo ya ce an gama, shi ya ce bai yarda ba sai ya ji a jikinsa. Wallahi wanda ya ƙera abin nan ya san mutane. Ya san akwai irinki, masu bokiti a hannu." Ya girgiza kai cike da sha'awa. "Duk kwaɗon da na taɓa gyarawa don ɓarawo aka yi shi. Yau ne na fara ganin wanda aka yi don ya tsare mai gida daga hannun kansa. Ba shi da ramin mabuɗi, ba a roƙonsa, ba ya jin kuka, kuma ba ya ɓoye maka dalili, ga shi nan ya rubuta a goshi. Da zan ga mutumin nan da na ba shi hannu."

Auta ta dube shi, ta dubi obin ɗin. A ranta ta ce ai ita ta san wani mai irin wannan halin, ga shi ma zaune a kujerar kicin ɗinta, amma ba ta faɗa ba.

Rana ta karkata, hasken taga ya sauko daga kan kabad zuwa ƙasa. Maƙwabciya ta leƙo ta tambayi ko lafiya ta ji ƙauri, aka ce mata lafiya lau. Baba yana ta kai bayan hannu kusa da gilashin lokaci-lokaci, kowane karo yana matsawa kusa, har ya iya ɗora tafinsa a kai. Can sai ya ɗaga yatsa ɗaya. Auta ba ta ji komai ba. Sai ga ɗan gurnanin nan na ɗazu, sai ƙarat! Jan kwaɗon ya mutu.

"Ke kika rufe," ya ce, "ke za ki buɗe."

Ta buɗe. Ɗumi ya bugo su, mai sauƙi. Cikin obin ɗin ya yi fes, ba ɗigon maiƙo ko ɗaya, sai farar toka a ƙasa kamar an barbaɗa gari. A tsakiyar tokar ga kaskon. Ta sa tsumma ta jawo shi ta ɗora a kan tebur. Bai tsage ba, bai lanƙwashe ba. Amma ba ta gane shi ba. Ya koma ruwan toka, busasshe, garas-garas, ba sheƙi ba santsi, kamar wani baƙon ƙarfe da aka tsinto a bola.

Nan kukan da take dannewa ya ƙwace. "Na goge hannun Inna, Baba. Duk na goge shi. Ba abin da ya rage."

Baba bai rarrashe ta ba. Ya karɓi tsumman ya shiga share tokar, ciki da baya, a natse. Da ya zo kan mariƙin sai ya tsaya. Ya sake bi da babban yatsansa. Ya juya shi wajen hasken taga.

A gefen mariƙin, inda duk tsawon rayuwar Auta yake sumul, wasu 'yan haƙora ne jere, wani ya nutsa, wani bai nutsa sosai ba, an yanka su tsaf. Shekara da shekaru maiƙo ya cike su ya binne, yau wuta ta tone.

"Mene ne wannan, Baba?"

Ya rufe ido, yatsansa yana bin haƙoran daga farko zuwa ƙarshe, leɓensa yana motsi kamar mai karatu.

"Mabuɗin ɗakinmu na farko ne," ya ce. "Gidan haya ne, ɗakuna a jere, kicin ɗaya ake haɗawa. Matan gidan duk irin kaskon nan gare su, kullum sai an yi musayar kaya an yi cacar baki. Wata rana Innarku ta dawo tana kuka wai an ɗauke nata an bar mata mai tsatsa. Na je na karɓo, na zauna da magagari na yanka masa haƙoran mabuɗinmu. Na ce duk wadda ta ƙara cewa nata ne, ta kawo mabuɗin ɗakinta a gwada." Ya yi 'yar dariya, ya share ido da bayan hannu. "Ƙofar ɗakin a karkace take, sai ka tokare ta da gwiwa take buɗuwa. An rushe gidan tun kafin a haife ki. Wallahi na manta da wannan, Auta. Na manta kwata-kwata."

Ya daɗe riƙe da mariƙin. Daga baya ya ja hanci, ya gyara zama.

"Kawo mai."

Ta kawo. Ta zaci shi zai shafa, sai ta ga ya turo mata kaskon da tsumman.

"Ranar da na kawo mata shi daga kasuwa, haka yake, kamar yadda kike ganinsa yanzu. Baƙin nan ba sayensa aka yi ba. Ɗiga kaɗan. A'a, ya yi yawa, rage. Yauwa. Murza har gefe, har baya. Haƙoran kuma ki bi su a hankali, kada ki cike mini su da wuri."

Ta murza, ƙarfen yana shanye man yana ɗan duhu. Ya sa ta ɗora a wuta ya yi zafi, ta sauke, ta sake shafawa. Da ya ga ya isa na yau sai ya ce, to, shi fa tun da ya karya da safe bai ƙara sa komai a cikinsa ba, kuma yau ba shi zai soya ba.

Auta ta fasa ƙwai a ciki. Ai kuwa ya kama. Ya manne ƙam, ta yi ta kankara da cokali, ya fito a dagargaje, gefe ya ƙone, tsakiya bai gama nuna ba. Kunya ta rufe ta, ta ce bari ta zubar ta soya masa wani a nata kaskon na zamani.

Baba ya jawo farantin gabansa. Ya gutsuri burodi, ya cinye ƙwan tas, har ya bi farantin ya suɗe ɓurɓushin.

"Nata na farko ma haka ya kama," ya ce. "Shi ma na cinye."